Takun Baya a Titin Zahir

Duk duniya babu abin da Rabi'atu take tsoro kamar ƙarar faɗuwar mijinta. Ta taɓa jin ta sau ɗaya daga kicin, tana tsaka da yanka albasa, kuma tun daga ranar ko murfin tukunya ne ya suɓuce sai ta ruga ta duba shi. A wancan karon ƙashin ƙugunsa ne ya tsage. Likitan da ya yi aikin bai ɓoye mata komai ba. Ya ce jikin Mukhtaru ba zai ɗauki aiki na biyu ba, in ya sake irin wannan faɗuwar to sai kwanciya, daga kwanciyar kuma ita ma ta san inda ake nufa.

Mukhtaru kuwa, wanda duk unguwar Zahir ke kira Abu Hamad, ba mutumin zama ba ne. A Makka aka haife shi, kamar ita. Kakanninsu ne suka taho daga ƙasar Kano da ƙafa don aikin hajji, suka zauna. Shi ma da ƙafar ya ci abinci. Tun yana saurayi yake jagorar alhazan Najeriya, lema a ɗage sama da kai, jama'a na biye da shi ɗuu, ya shiga da su turmutsitsin Muzdalifa ya fito da su, ba a taɓa cewa ya ɓatar da ko tsohuwa ɗaya ba. Yanzu ga shi ciwon karkarwa ya kama shi. Karkarwar hannu ba ita ce damuwar ba, da ita ake shan shayi, rabi a ciki rabi a riga. Ƙafafun ne abin tsoro. Yana cikin tafiya lafiya lau sai su ƙi, su manne da ƙasa kamar an zuba musu siminti, gangar jikin kuma ta ci gaba da tafiyarta ita kaɗai. Bakin ƙofa ya fi yi masa haka, da duk lokacin da aka matsa masa ya yi sauri.

Ɗansu Hamad, da yake aiki a Jidda, ya zo wata Juma'a da keken tura marasa lafiya, sabo fil a cikin leda.

"Abuya, arabiya ce mai kyau, wallahi ko nauyi ba ta da shi," in ji Hamad. "Kai dai ka zauna, halas, hankalin kowa ya kwanta."

Mukhtaru ya dubi keken sheƙeƙe. "Na tura tsofaffi a irin wannan har hannuna ya yi kanta. Ranar da kuka ga na hau ta, ku aika a kira mai wankan gawa."

Da Hamad zai tafi sai ya ja uwarsa gefe. "Ummi, in za ki fita ki kulle ƙofa, ki tafi da makullin. Na san shi, masallacin can zai nufa."

Gaskiyar yaron ce. Masallacin unguwa yana tsallaken titi ne, daga tagar falo ana hango ƙofarsa da tarin takalma. Tun faɗuwar Mukhtaru bai taka shi ba. Duk kiran salla sai ya miƙe ya dafa taga, ya tsaya yana kallon tsararrakinsa suna tsallaka titi da carbi a hannu, ita kuma ta tsaya bayansa tana kallon dugadugansa. Keken dai aka naɗe shi aka jingina bayan ƙofa, ya zama wurin rataye tawul.

Injin wanki ne ya fara nuna mata hanya. Tsohon inji ne, in ya zo matse kaya sai ya riƙa bugun bango, dum, dum, dum, har maƙwabta sun gaji da ƙorafi. Wata safiya Mukhtaru ya maƙale a ƙofar ɗaki, gumi na tsattsafo masa, sai injin ya soma bugunsa. Tana kallo ƙafar dama ta ɗaga, ta hagu ta biyo, ya ratsa falo tsaf a kan bugun nan kamar wanda bai taɓa ciwo ba. Injin na tsayawa shi ma ya tsaya.

Ta kai labarin wurin ma'aikaciyar gashin ƙashi da ke duba shi a asibiti, tana jin kunyar faɗa don kada a ce ta fara ruɗewa. Matar ba ta yi dariya ba. Ta ce abin sananne ne, ƙwaƙwalwarsa ce ta rasa abin da ke ba ƙafa lokaci, in ta sami bugu daga waje sai ta ara. Ta ce a wasu ƙasashe rawa ake koya wa masu irin ciwon, rawar mutum biyu, ana riƙe da juna.

"Rawa?" Rabi'atu ta waiwaya ko wani ya ji. "A ina za a kai dattijo kamar Abu Hamad ya yi rawa?"

"Ba shi za a kai ba, ya Hajja. Ke za ki je ki koyo, ki kawo masa gida."

Haka Rabi'atu, da furfurarta da jikokinta, ta sami kanta a unguwar Aziziyya, a ƙofar wani kulob na mata da ke saman wani kantin magani. Ta wuce ƙofar ta dawo, ta sake wucewa, tana yi kamar mai neman wani shago. Tsoronta kar wata 'yar Zahir ta gane tafiyarta, don niƙabi fuska kawai yake rufewa, matan unguwa kuwa ko daga baya suka hango ka sun san ɗiyar wace ce. Can dai ta yi ta maza ta hau bene. A bakin ƙofa aka karɓi wayarta aka jefa cikin aljihun tebur, saboda a ciki mata suna cire abaya, ba a yarda da hoto ba. Ta bar mutum a kulle a gida, yanzu ko ya kira ba za ta ji ba.

Ɗaki ne mai faɗi, bango guda madubi ne tun daga sama har ƙasa. 'Yan mata da wanduna suna ta tsalle bibbiyu, kiɗa na tashi mai ƙahonni da ganguna, irin wanda ba ta taɓa ji ba. Rawar suna kiran ta suwing. Malamar, Manar, siririyar yarinya ce, jikar Hausawa ce ita ma, amma Hausar tata ta tsinke a hanya, sai ta kamo kalma biyu ta cike sauran da Larabci.

"Ahlan, Khala! Zo, zo. Ba tsoro. Shuwayya-shuwayya, a hankali."

Manar ta bayyana mata cewa rawar gida biyu ce, akwai mai ja akwai mai bi. A inda aka ƙirƙiro ta namiji ne ke ja, amma nan da yake mata ne zalla, sai wasu su ɗauki ɓangaren maza. Ta dubi shekarun Rabi'atu, ta dubi yadda take raɓe-raɓe jikin bango, sai ta ba ta ɓangaren mai bi, wai ya fi sauƙi. Kunya ta hana Rabi'atu faɗin abin da ya kawo ta. Ta yaya za ta buɗe baki gaban yaran da ta haifi kamarsu ta ce mijinta take so ta yi wa rawa?

Aka haɗa ta da Mujahida, wata nas 'yar Zariya, kakkaura mai yawan dariya, wadda ta zo aiki Makka ta ce in ba ta motsa jiki ba shinkafar garin nan za ta kashe ta. Mujahida ce ke ja. Aikin Rabi'atu shi ne ta ba da hannu ta saurara, in an tura ta tafi, in an jawo ta dawo. Abin mamaki sai ga shi ta fi 'yan matan iyawa. Ba wani abin mamaki ba ne in an duba, tun ranar da aka kai ta gidan Mukhtaru a bayansa take tafiya, inda ya juya nan take juyawa. Amma ko sau ɗaya ba ta ji daɗin rawar ba. Ƙafafunta suna Aziziyya, kunnenta yana Zahir, duk bugun ganga sai ta ji kamar jiki ne ya daki tayil. Ana tashi ita ce ta farko a wurin karɓar waya.

Da ta ga ta ɗan iya, sai ta gwada masa maganar bayan cin abinci, a hankali, ta ce motsa jiki ne, daga asibiti aka ce.

"Motsa jiki mai kiɗa?" Mukhtaru ya ajiye kofi. "Ummu Hamad, rawa kike zuwa koyo? A garin nan? Da girmanki?"

"Don ƙafarka ne, Abu Hamad."

"Ƙafata tana hannun Allah. Kada ki ƙara kawo mini wannan zancen."

Ba ta ƙara kawowa ba, amma ba ta daina zuwa ba. Shi ma bai hana ta ba, sai dai duk ranar zuwanta ba ya amsa sallamarta da kyau.

Wata safiya ya maƙale a ƙofar banɗaki, inda ƙasa ke da santsi. Ta zo da gudu, ta sha gabansa, ta kama hannayensa biyu kamar yadda aka koya mata. Sannan ta tsaya tana jira. Abin da ta iya ke nan, jira. Ta saurari hannayensa ko za su ce mata tafi ko dawo, babu abin da ke cikinsu sai karkarwa. Shi yana jiran ƙafa, ita tana jiran shi, jikinsa kuma yana ta rinjayowa gaba. Tsoro ya rufe mata ido, ta fizgo shi da ƙarfinta.

Ƙafafun ba su biyo ba. Mukhtaru ya taho gaba ɗaya kamar an sare itace, ya faɗo mata a ƙirji, bayanta ya daki bango, suka zame tare har ƙasa. Goshinsa ya goge ƙarfen ƙofa, jini ya soma bin girarsa. Ta riƙa lalubar ƙugunsa tana salati, tana tambaya ina ke ciwo, nan ne, ko nan. Allah ya tsare, a jikinta ya sauka, babu abin da ya karye. Ya daɗe kwance yana haki, idonsa a kan silin.

"Rawar taki ke nan?" ya ce a hankali. "Kada ki ƙara taɓa ni da ita."

Da Hamad ya kira da yamma ta ce masa kowa lafiya. Kafaɗarta ta yi kwana da kwanaki ba ta ɗaguwa, ba ta gaya wa kowa ba. Abin da ke cinta shi ne da hannunta ta kusa kai shi inda likita ya ce kada a kai shi.

Ta koma Aziziyya ne da niyyar yin sallama. Tana buɗe baki sai kuka ya ƙwace mata, ta zauna a ƙasa gaban madubi ta zayyane musu komai, tun daga injin wanki har ƙofar banɗaki. Manar ta kashe kiɗa, ta durƙusa gabanta.

"Ya Khala, laish? Me ya sa ba ki faɗa ba tun farko? Ke ba mai bi ba ce. Ammi, mijinki, ba zai iya ja ba. Ke za ki zama namiji."

"Ai na ja shi. Jan ne ya kayar da shi."

"La, la. Mai ja ba ya ja da hannu." Hausar ta ƙare mata, ta dubi Mujahida ta ce ta fassara.

Mujahida ta gyara zama. "Hajiya, cewa take hannu saƙo kawai yake kaiwa. Jikinki za ki motsa, nasa ya ji. Ki fara karkata dama, ki karkata hagu, har nauyinsa ya bar ƙafa ɗaya. Sannan takun farko baya ake yi, ba gaba ba. Ku duka biyu ku ja da baya, ku buɗe, sai jikin ya dawo gaba da kansa. Mu ma a asibiti haka muke yi wa masu irin ciwon, in ƙafa ta ƙi gaba a ce ta gwada baya."

"Baya?" Rabi'atu ta zaro ido. "Mutumin da ke neman faɗuwa za a ce ya taka inda ba ya gani?"

"Wara, guddam," in ji Manar, tana nunawa da ƙafa. "Baya, gaba. Dama, hagu. Yalla, Khala, tashi."

Nan aka soma sabon karatu, kuma a nan ne ido ya raina fata. Matar da ta fi kowa iya bi sai ga ta ta fi kowa rashin iya ja. Mujahida ta riƙa sandarewa da gangan, ta rufe ido, ta saki nauyinta duka, kuma Allah ya hore mata nauyin. Da zarar ta soma rinjayowa sai Rabi'atu ta damƙe ta, farce ya nutse cikin fata.

"Wayyo Hajiya, hannun nan da shi nake yi wa mutane allura!" Mujahida ta yi ƙara tana yarfe yatsu. "Ki sassauta mana. Wanda aka damƙe haka ba ya jin komai sai damƙar."

Sannu a hankali abin ya fara shiga. Ta koyi riƙo sakwa-sakwa alhali zuciyarta na cewa ta ƙanƙame. Ta koyi faɗin kalmomin da baki a kan bugu, ba kiɗa, don ta san kiɗa ba zai shiga gidanta ba. Tana wanke-wanke tana yi, dama, hagu, baya, gaba. Sai dai duk a jikin Mujahida ne. Mukhtaru ko hannunta ya ga ta miƙo sai ya ɓoye nasa cikin aljihu, in ya maƙale ya gwammace ya tsaya dafe da bango har ƙafar ta ga dama.

Rannan tana shirin fita, ta zaro makulli daga jikin ƙofa, sai ta ji muryarsa daga falo.

"Ummu Hamad, in gobara ta tashi fa? Ko so kike a zo a tarar da ni a kulle kamar akuya?"

Bai taɓa yi mata maganar makullin ba sai ranar. Ta tsaya da shi a hannu, kunya ta kama ta har wuya.

"In na bar shi ba za ka fita ba?"

Ya juya fuska wajen taga, bai ce komai ba. Ita kuma ta ɗauki shirun a matsayin alkawari, don haka take so ya zama. Ta mayar da makullin ta fita.

Ranar ba ta tsinana komai a aji ba, ta taka Mujahida har ba adadi. Ana tashi ta karɓi waya, babu kira ko ɗaya, ta ce alhamdu lillahi. Ta tari taksi. Rana ta yi zafin da kwalta ke walƙiya, ana ta kiran la'asar daga masallatai. Suna karyo kwanar titinsu sai suka tarar da cunkoso, motoci sun yi cirko-cirko, ana ta danna ham ba ƙaƙƙautawa. Direban ya leƙa ta taga ya yi tsaki.

"Wani tsoho ne ya tsaya a tsakiyar titi, ya ƙi gaba ya ƙi baya. La haula. Ina 'ya'yansa?"

Ba ta san lokacin da ta buɗe ƙofa ba. Rabonta da gudu tun tana yarinya, amma ta tattare abaya ta ratsa tsakanin motoci, ƙarfe mai zafi na gogar cinyarta, takalmi ɗaya ya fita ba ta tsaya ba. Can ta hango farar jallabiyarsa. Ya ci rabin titi, ya tsaya cak a kan farin layi. Motocin da suka gaji da jira sun fara raɓawa ta bayansa, wata doguwar bas ta masu umara tana shigo da hancinta a hankali, kusa da shi ƙwarai. Salihu mai baƙala, ɗan kantin da ke maƙwabtaka da su, ya kama masa hannu ɗaya, wani direba ya kama ɗayan, suna ja da kyakkyawar niyya.

"Yalla ya Ammi, taho! Ɗaga ƙafa kawai!"

Ta ga dugadugansa sun bar ƙasa. Ta ga jikin ya rinjayo daidai yadda ya yi a ƙofar banɗaki, sai dai nan babu bango, babu ita, kwalta ce tsirara.

"Kar ku ja shi!"

Duk zamanta a Zahir babu namijin da ya taɓa jin muryarta ta wuce ta gaisuwa. Ihun ya sa su biyun suka daskare. Ta faɗa tsakaninsu, ta tare ƙirjinsa da kafaɗar nan mai ciwo har dugadugan suka koma ƙasa, sannan ta ce su sake shi. Salihu ya ƙi saki.

"Ya Hajja, zai faɗi."

"Sake shi, Salihu. Je ka tare mini bas ɗin can."

Ta ja baya kaɗan ta miƙa hannayenta biyu. Fuskar Mukhtaru ta jiƙe sharkaf, leɓensa na rawa, kuma a idonsa ta ga abin da ba ta taɓa gani ba tun aurensu, tsoro tsagwaronsa.

"Koma gida, Ummu Hamad," ya ce da ƙyar. "Mutane na kallo."

"Su kalla. Ba ni hannunka."

Ya ba ta. Hannayen na karkarwa kamar za su fice, komai na jikinta na cewa ta damƙe, ta ja, ta fitar da shi daga nan ko ta halin ƙaƙa. Ta cije leɓe ta riƙe shi sakwa-sakwa. Ta karkata dama. Babu abin da ya motsa. Ta karkata hagu, ta dawo dama, tana faɗa da ƙarfi ta cikin niƙabi, muryarta na tsinkewa.

"Dama. Hagu. Dama. Hagu."

Masu zuwa masallaci sun tsaya a bakin titi, masu shaguna sun fito. Matar Abu Hamad ce, takalmi ɗaya a ƙafa, take rangaji da mijinta a tsakiyar titi da rana tsaka. Ta san kafin magariba labarin ya zaga unguwa, kuma ko a jikinta. Can ta ji wani ɗan nauyi ya sauya a tafin hannunta. Kafaɗarsa ta bi ta dama, ta bi ta hagu.

"Yanzu baya, Abu Hamad. Da ƙafar dama."

"Akwai mota a bayana."

Akwai kuwa. Salihu ya tsaya gaban bas ɗin ya ɗaga hannuwa, amma gefenta na nan dab da bayan Mukhtaru, zafin injin na kaɗa masa jallabiya. In ya taka baya ƙafar ta ƙi dawowa, da ƙeya zai sauka, kuma ita ce ta ce ya taka. Ta tuna goshinsa da jini, ta tuna fuskar likita.

"Na gan ta," ta ce. "Taku ɗaya ne, ƙarami. Tare za mu yi. Dama, hagu, baya!"

Ta ja nata jikin baya, hannayensu suka miƙe. Ƙafarsa ta dama ta ɓamɓaru daga kwalta, ta koma baya, ta dira. Nauyinsa ya tafi can, ya tafi, har ta ji yatsunsa na zamewa daga nata, numfashinta ya ɗauke. Sannan ya dawo.

"Gaba!"

Ya tako. Ta hagu ta biyo. Ba ta yarda ta yi shiru ba, ta ci gaba da faɗa a kan bugu, dama, hagu, dama, hagu, tana tafiya da baya shi yana binta, kwalta na ƙona mata tafin ƙafar da babu takalmi. Sai a lokacin ta tuna ita ma ba ta ganin inda take takawa. In ta yi tuntuɓe tare za su zube. Ta so ta waiwaya, amma ta san tana ɗauke ido bugun zai karye.

"Kar ki juya," in ji Mukhtaru. Muryar ta ɗan dawo, irin wadda yake yi wa alhazai magana da ita. "Karkata hagunki, akwai babur. Yawwa. Miƙe. Ga dakalin titi nan bayanki, ɗaga ƙafa sosai."

Ta ɗaga, ta hau. Shi ma ya hau. Motoci suka soma wucewa ta inda ya tsaya ɗazu.

Da haka suka isa ƙofar masallaci, an riga an ta da iƙama. Matakala ce 'yar gajeriya ta marmara, sai ɗan siririn fili, sai bakin ƙofa. Ta hau da shi, ta durƙusa ta zare masa takalma. Ƙofar maza ce, iyakarta ke nan. Salihu ya matso zai kama shi, Mukhtaru ya girgiza kai. Ya dubi bakin ƙofar, ita ma ta duba, su duka sun san abin da bakin ƙofa ke yi masa.

"Sake ni, Rabi," ya ce.

Rabon da ya kira ta da sunan nan tun kafin a haifi Hamad. Ta buɗe yatsunta ɗaya bayan ɗaya, ta koma gefe.

Ya yi taku biyu ya maƙale, daidai kan dokin ƙofa. Bayansa babu komai sai matakalar marmara. Ta kai hannu ta toshe bakinta. Ta ga kafaɗarsa ta karkata dama, ta karkata hagu, leɓensa na motsi, kuma ta san ba tasbihi yake yi ba. Dunduniyarsa ta koma baya, ta dira a gab da bakin matakala, rabinta a iska. Rabi'atu ta runtse ido tana jiran ƙarar nan da ta sani.

Ba ta zo ba. Da ta buɗe ido sai ta hango bayan jallabiyarsa a cikin sahu, wani dattijo na matsa masa wuri.

Ba ta koma gefe inda mata ke tsayawa ba. Nan ta zauna a kan matakala, cikin tarin takalman maza, ta rungume nasa a ƙirji. Wani ya tsinto mata nata takalmin ya ajiye kusa da ita, ba ta ko gan shi ba. Liman ya yi kabbara. Ita dai titin take kallo, motoci na wucewa a guje, ga tagar falonsu can a tsallake. Raka'a huɗu ce kawai, in an sallame sai sun sake tsallaka shi.